Mai Janwe a Motar Haya

Duk wanda ya sake ce mini yayana mutumin kirki ne, zan tambaye shi ko ya taɓa zama gida ɗaya da shi. Ban ce ba shi da kirki ba. Yana da shi, har ya yi masa yawa. Sai dai kirkin nasa inuwar giginya ce, na nesa ka sha, mu da ke gindinta kuwa rana ta gama gasa mu tun tuni.

Mai Janwe ake ce masa, har an manta da sunan da iyayenmu suka raɗa masa. Tun yana ɗan saurayi ya gudu daga makaranta ya shige gareji, ya yi shekaru yana wanke noti da miƙa sifana, har ya tara abin da ya sayi wata tsohuwar janwe, irin motar nan mai sarƙa da ƙugiya a baya da ke jan motocin da suka mutu a hanya. Daga ranar ya zama na titi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, baƙin mai ya shige layukan tafin hannunsa har sabulu ta haƙura da shi. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. Ciwonsa ɗaya ne: ba zai iya wuce mota a gefen titi da bonet a buɗe ba. An kira shi, ba a kira shi ba, za a biya shi, ba za a biya ba, ƙafarsa ce ke taka birki tun kafin kansa ya yi shawara. Tsakar gidanmu ba ta taɓa rabuwa da gawar motar wani ba, wadda ya jawo mai ita ya ce gobe zai zo ɗauka, goben ta shekara. A jikinsu muke shanya.

Kada wani ya ce sharri nake masa. Ranar da matarsa ta cika a asibiti ni ce zaune a gefen gadonta. Likita ya rubuta magani, Yaya ya karɓi takardar ya fita da gudu, a hanya ya tarar da wata motar kaya ta kife cikin rami da direba a ciki. Ya fito da direban, ya fito da motar, ya dawo asibiti da maganin a aljihun gaba, an riga an rufe mata fuska. Maganin ba zai tashe ta ba, likitan ma ya faɗa. Amma ta yi ta tambayata ina yake kafin ta daina magana. Masu zuwa gaisuwa kuwa labarin direban suka yi ta bayarwa, suna sa wa Yaya albarka, ni ina raba musu ruwa ina haɗiye abin da ke bakina.

Marigayiyar ta bar yarinya ɗaya da ba ta ko shiga makaranta ba. Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, aurena ya mutu, ban haihu ba, sai na kwaso kayana na dawo gidan Yaya na riƙe ta. Mutanen layi suka sa mata 'Yar Gwaggo, sunan ya bi ta, uban bai taɓa jin zafinsa ba, ko kuwa ya ji ya yi shiru. Yarinya ce mai kai. Duk ƙarshen shekara sai an kira ta gaban taro an ba ta kyauta, duk ƙarshen shekara kuma sai Yaya ya yi alkawarin zuwa. Abin haushin shi ne ba ƙarya yake yi ba. Zai sa in goge masa riga, ya dirje jikinsa da garin sabulu, ya fita a kan lokaci da zuciya ɗaya. Sai dai tsakanin gida da makaranta akwai titi, a titi kuma akwai motoci. Zai iso ana share fili, riga ta yi dumu-dumu da giris, da ledar biskit a hannu, yana ba da labarin wata mai goyo da tayarta ta fita. Da farko yarinyar takan yi ta waigen ƙofa har a kira sunanta ba ta ji ba. Zuwa sakandare ta daina waige. Tuƙi ma a makarantar koyon tuƙi ta koya, ɗiyar mutumin da ya fi kowa sanin mota a garin.

Ta samu gurbin karatu a ƙasar waje, ta tafi karanta harhaɗa magunguna. Shekarun da ta yi a can ni take kira, uban ya tsaya a bayana yana miƙo wuya ya ce a gaishe ta. Da ta zo gamawa sai hanya ta rabu mata biyu. Wani asibiti a can ya ba ta aiki, suna jiran amsarta. A gida ma akwai gurbi, albashinsa bai kai rabin na can ba. Ta zaɓi gida. Na ce mata ta yi tunani, ta ce ta yi: Baba ya fara tsufa, ita kuma ba ta san shi ba, tana so ta zauna kusa da shi ko za su saba kafin lokaci ya ƙure. Ta aiko mana da tikiti mu je bikin yaye su, ta yanki nata na dawowa a jirgi ɗaya da mu. Mutanen asibitin can ba ta ba su amsa ba tukuna, ta ce sai bayan biki za ta kira su ta ba su haƙuri. Sannan ta ce in ba uban waya, na ƙara murya ina ji.

"Baba, abu ɗaya nake roƙonka. In an kira sunana, ina so in duba in gan ka a zaune. Ban taɓa roƙonka ba, wannan ne na farko."

Ya ce ai ko da rarrafe. Ya yi dariya ya ce can ƙasar mutane wa ya san shi balle ya kira shi, janwen ma ai a gida zai bar ta. Har ni sai da na yarda.

Garin jami'ar ya cika da iyaye, babu masauki ko ɗaya, sai ta kama mana ɗaki a wani ƙaramin gari can gaba, inda bas ba ta zuwa sai jefi-jefi. Ita kuma dole ta kwana a makaranta, don tun da safe za su karɓi riguna a jera su. Shi ya sa ta ce a yi hayar mota. Ta tarye mu a filin jirgi ta wuce da mu kai tsaye wurin kamfanin haya, wani dogon kanta mai sheƙi, da wata ma'aikaciya mai murmushin da ba ya raguwa ba ya ƙaruwa. Ni ina jin harshensu, da shi na yi karatu na kuma koyar. Yaya kuwa sunayen kayan mota kaɗai ya sani a cikinsa.

Ban taɓa ganin mai taka-tsantsan irin yarinyar nan ba, ina jin zama da mu ne ya koya mata. Da sunanta da katin bankinta aka yi hayar, ta sa aka rubuta uban a matsayin direba na biyu, ta ce duk wanda ba a rubuta ba in ya taɓa sitiyari, inshora ba ta san da shi ba. Tun muna gida ta sa ya yi lasisin da ake karɓa a ƙasashen waje. Da aka zo kan inshora, matar ta jero hawa uku. Na ƙasa, in an yi ɓarna kai za ka fara biya har wani adadi mai tsoka. Na tsakiya ba ruwansa da taya da gilashi. Na sama kuma, in ji ta, ya ɗauke komai. Yaya ya ja ni gefe ya ce in gaya wa yarinyar ta tsaya a na ƙasan, shi tun da yake bai taɓa goge wa motar wani fenti ba, wannan ai sayen tsoro ne. Ta ce rigakafi ya fi magani, ta ɗauki na sama. Ba ta tsaya nan ba, ta yi tambayar da yawancin mutane ba sa yi, ta ce a gaya mata abin da wannan mai ɗauke komai ɗin ba ya ɗauka. Matar ta lissafa da yatsu: tuƙi cikin maye, sauka daga kwalta a shiga jeji, ba wa wanda ba a rubuta ba mota, zuba man da ba nata ba, da jan wata mota ko tura ta. Ta ce akwai lambar waya manne a gilashin gaba, ko me ya faru a kira nan, kada a taɓa komai.

Yarinyar ta juya ta fassara wa uban. Na ƙarshen sai da ta maimaita masa, a hankali, tana kallon idonsa. Ya ce ya ji. Ta ce ya faɗa da bakinsa. Ya faɗa yana murmushi, ya ce ita da gwaggonta sun mai da shi ɗan firamare.

A filin ajiye motoci ta zagaya motar da waya tana ɗaukar hoton duk inda fenti ya kwarzane, ta ɗauki na ma'aunin mai, shi kuwa ya tsaya hannu a ƙugu yana raina motar. Ƙarama ce fara, otomatik. Ya leƙa ƙasa ya nemi kuloci bai gani ba, ya ce wannan ai keken ɗinki ne aka sa wa taya. Amma da ya hau titi sai ya tuƙa ta kamar a hannunsa ta girma, a nan kam dole a sara masa. Yarinyar ta zauna a gaba tana nuna masa hanya, ni ina baya na yi kamar barci nake. Na ji ta tambaye shi yadda ya haɗu da uwarta. Ya ce motar wanta ce ta mutu, ya je ja, ya tarar da ita zaune a ciki ta ƙi fitowa wai rana, haka ya ja su har gari tana harararsa ta gilashi. Yarinyar ta yi dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa jin su biyun sun yi dariya tare ba sai ranar, na juya fuska na share idona da bakin mayafi.

Ranar bikin na tashe shi da sassafe. Na auna tafiyar na ninka ta, na ƙara da rabon tsautsayi, muka fita da sauran lokaci mai yawa. Ya sa sabbin kayan da na ba da aka ɗinka masa, ya kankare farce da reza, har turare ya karɓa a wurina. Yana tuƙi yana gwada mini abin da zai ce mata in sun haɗu, yana gyarawa. Ba mu yi nisa ba muka hango wata mota a gefe, fitilunta na ƙyaftawa. Na ga ƙafarsa ta ɗaga daga totur. Ido kawai na zuba masa. Ya damƙe sitiyari, ya kafe kallonsa a gaba, muka wuce. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya yi ta leƙen madubi har motar ta ɓace. Wallahi sai da na ji tausayinsa, ni ƙanwa na sa masa albarka. Na buɗe jaka na ba shi alewa.

Ta biyun ce ta kashe mu. Hanyar ta fara hawa tudu, a kan wata kwana mai kaifi sai ga wata ƙaramar motar kaya a tsaye, rabin jikinta a kan titi, wani mutum mai tumbi ya jingina da ƙarfen gefen hanya yana danna waya. Wannan karon Yaya ko kokawa da kansa bai yi ba. Ya sa sigina ya sauka a gabanta.

Na ce, "Yaya, kada ka fita daga motar nan."

Ya ce tambaya kawai zai yi. Na bi shi don ni ce bakinsa. Mutumin mai sa tayil ne, bayan motarsa cike da kwalayen tayil da buhunan siminti. Ya ce injin ne ya ɗauke, ya riga ya kira masu ja, suna hanya, mu tafi abinmu, ya gode. Na fassara wa Yaya kalma bayan kalma, har na ƙara gishiri. Yaya ya dubi kwanar, ya dubi manyan motocin da ke ɓullowa daga bayanta suna kaucewa da ƙyar, ya ce shi ya san irin wannan wuri, ya sha kwashe gawa a irinsa, kafin masu jan su zo wata tirela ta riga su. Ya ce ga alamar gidan mai can a saman tudu, nan da can ne kawai.

Ba zan ce ƙarya ya yi game da kwanar ba, mugun wuri ne. Na ce to mu kira 'yan sanda su tare hanya, mu ajiye alamar nan mai kusurwa uku can baya inda za a hango ta, duk wannan taimako ne. Na tuna masa matar kanta da yatsunta. Na tuna masa cewa da sunan 'yarsa aka ɗauki motar. Na tuna masa matarsa, abin da ban taɓa yi ba tun da ta rasu. Na ɗauka maganar ta shige shi. Sai ya cire sabuwar rigar ya ninke ya miƙo mini, wai kada ta ɓaci. Darasin da ya koya kenan a duk shekarun nan, a cire riga tukuna.

Ya buɗe but ɗin bayan motarmu ya ɗaga shimfiɗa, ya zaro wata ƙugiyar ƙarfe daga cikin kayan taya, ya ɓalle ɗan murfi a bambar baya ya murɗa ta ciki. Ya kwance igiyar da mai tayil ya ɗaure kayansa da ita. Mai tayil ɗin ya ɗaga kafaɗa, tun da an nace, ya shiga motarsa ya kama sitiyari. Haka 'yar motar nan da aka yi don mutum huɗu da jakunkunansu ta ja tayil da siminti ta hau tudu tana kuka, ni ina ciki da riga a cinya ina tsine wa wanda ya fara ƙera janwe. Kafin mu kai sama wani ƙauri ya cika motar kamar an manta tukunya a wuta, wata jar fitila ta kama a gaban direba. Yaya ya ce zafi ne kawai, za ta huce.

Mun kai shi gidan man. Ya fito ya karɓi igiyarsa, ya ba Yaya hannu, ya ɗaga mini nasa daga nesa, ya shige shago sayen abin sha. Ko daga ina muke bai tambaya ba, ban kuma ga laifinsa ba, shi bai roƙi kowa ba. Yaya ya wanke hannu ya mayar da riga, ya duba agogo ya ce mini ba ga shi ba, har yanzu da sauran lokaci. Fuskarsa fes, ban ga ya sake haka ba tun da muka sauka daga jirgi.

Motar ta kai mu har tsakiyar wata doguwar hanya da babu gida babu shago, gonaki dama da hagu. Nan ta fara fizga, injin yana ihu amma tayoyi ba sa amsawa, ta gangara gefe ta tsaya. Ya buɗe bonet ya tarar an rufe komai da baƙar roba, ba inda hannu zai shiga, ba shi kuma da ko sifana ɗaya. Ya kwanta ƙarƙashi ya shinshina, ya fito ya ce giyabos ne, da muryar mai faɗin rasuwa. Sai ya tsaya bakin titi ya fara ɗaga hannu.

Na so a ce duk masu sa masa albarka suna nan su gani. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana tsaya wa mutane, ga shi cikin sabbin kaya yana ɗaga hannu, motoci na wucewa fuu, ba wanda ya ko rage gudu. Ba mugunta ba ce, a can kowa ya san akwai lambar da ake kira. Ni na kira ta. Suka ce za su turo, mu jira. Na nemi tasi, suka ce ba sa ɗaukar mutum a kan babbar hanya. Na kira yarinyar, wayarta a kashe, an riga an shigar da su ɗakin taro. Na zauna a kan ƙarfen gefen hanya ina kallon agogo yana cinye lokacin da na tara mana, har ya kai na farawa, ya wuce.

Janwen kamfanin ta zo rana ta karkata. Direbanta dattijo ne sa'an Yaya, da na'ura a hannu. Ya zagaya motar, ya tsaya a baya. Ƙugiyar tana nan a murɗe, Yaya ya manta bai cire ba, da zaren igiyar mai tayil maƙale a jikinta. Mutumin ya ɗauki hoto, ya tambaye ni ko mun ja wani abu. Kafin in buɗe baki Yaya ya gane tambayar daga inda yatsa ya nuna, ya gyaɗa kai, har yana kwatanta girman motar da hannu. Aka ɗora tamu a baya, muka matsu a gaba mu uku. An ce wanzami ba ya son jarfa, na ɗauka kunya za ta rufe shi yau da shi ake ja. Ina. Muna cikin tafiya ya taɓo ni, wai in tambayar masa mutumin nauyin tan nawa injin jan nasa ke ɗauka. Na ce in ya ƙara yi mini magana zan buɗe ƙofa in dira.

Mutumin ya yi mana kirki ya sauke mu a ƙofar jami'a. Ɗakin taron a buɗe yake, ma'aikata na harhaɗa kujeru suna jerawa a jikin bango. Muka same ta a waje, zaune a kan matakala da kayanta na kullum. Rigar bikin ta haya ce, ta riga ta mayar. Ta tashi ta gaishe ni, ta gaida uban kamar yadda na koya mata. Ta dubi hannunsa, baƙi ya koma ƙarƙashin farcen da ya kankare da safe. Ba ta tambayi me ya faru ba. Shi ya fara bayani, kwana, tirela, tudu, ta bar shi har ya kai aya.

Ta ce, "Mutumin ya isa lafiya?"

Ya ce ya isa, har gidan mai.

"To madalla. Wani dai ya isa."

Da ta yi kuka ko ta yi faɗa da na samu sauƙi. Ta karɓi jakata ta rataya, ta kai mu ɗakinta, ta dafa mana abinci, ta bar wa uban gadonta, mu muka shimfiɗa a ƙasa. Akwatunanta na jere a bakin ƙofa, a ɗaure. Na ce ta yi magana ko zuciyarta ta yi sanyi, ta ce ba ta da sabon abin faɗa.

Bayan kwana biyu kamfanin ya kira mu ofishinsu na cikin gari. Wata ma'aikaciyar ce daban, amma murmushin iri ɗaya, ina jin tare da rigar aiki ake ba su shi. Ta juyo mana da kwamfuta, ga hoton ƙugiya, ga bayanin makanike, giyabos ya ƙone, sai sabo. Ta ce tana baƙin cikin sanar da mu cewa inshorar ta rushe gaba ɗaya tun da an ja wata mota, don haka gyara da janwe da kwanakin da motar za ta yi ba ta aiki duk suna wuyan wadda ta yi haya. Na shiga ofishin nan da niyyar in wanke su tas. Na ce mafi tsada muka saya, na ce rai aka ceta, na ce wane irin tsari ne wannan da ke hukunta mai taimako. Matar ta bar ni na gama, ta ce ta fahimta, ta ce ai an yi mana bayani tun ranar farko. An yi kuwa, an fassara, har an sa shi ya faɗa da bakinsa. Na nemi inda zan kama su na rasa, wannan ya ƙara mini haushi.

Adadin da ta ambata ba zan faɗa ba, ya isa ya sayi janwen Yaya har a dawo da canji. Yaya ya ce in gaya musu shi makanike ne, a ba shi motar da kayan aiki ya sauke giyabos ɗin ya gyara da hannunsa. Ban fassara ba. Ya ce to zai sayar da janwe in mun koma. Yarinyar ta ce a'a, da ita yake ci, ya bar ta. Ma'aikaciyar, in za a yi mata adalci, ta ce ba sai an biya lokaci ɗaya ba, ana iya tsinkawa wata-wata, kuma daga kowace ƙasa ana iya turowa, ba dole mutum ya zauna a nan ba. Na kama hannun yarinyar na matse, na ce kin ji ko, daga gida ma ana iya biya, da fanshona da albashinki za mu iya. Ta ce ta ji, Gwaggo. Ta sa hannu, ta gode wa matar.

Muka fito bakin titi. Ta ce mu ɗan jira ta, ta matsa gefe, ba ta ma yi nisan da zai hana ni ji ba. Ta kira wata lamba, ta gaisa cikin harshensu, ta faɗi ko ita wace ce, ta yi magana a nitse, ta saurara, ta yi godiya. Yaya na tsaye kusa da ni hannayensa a baya, yana kallon bakinta yana neman kalmar da ya sani, babu kuloci babu birki a ciki. Ya taɓo ni.

"Me take cewa?"

Duk tafiyar nan ni ce bakinsa ni ce kunnensa, ban ga dalilin da zan rage masa wannan ba.

"Da mutanen asibiti take magana. Ta ce za ta fara aiki farkon wata."

"Asibitin gida?"

"Na nan, Yaya."

Ya ce ai yanzu ya ji na ce ana iya biya daga gida. Na ce ana iya. Yarinyar ta dawo tana sa wayar a jaka, ta ce jirginmu gobe da safe ne, ta shirya mana tasi, ita ba za ta samu raka mu ba, an ce ta kai takardunta asibiti. Sannan ta tambayi uban ko akwai abin da yake so ta saya masa na tsaraba. Ya ce babu.